Ɗorin Hajiya Ya Goce

Assalamu alaikum 'yan uwana masu bibiya. Na ga saƙonninku, har da na wadda ta ce in ban faɗi abin da ya tsayar da mutanen Aliero ba za ta biyo ni Jega da ƙafarta. Yi zamanki 'yar uwa, rana ta yi zafi. Ga shi nan zan faɗa.

Ga wadda yau ta fara shigowa, sunana Khairiyya. A Maiyama aka haife ni, a can na yi aurena na fari, da Allah ya karɓi ran maigidana na dawo gaban Innata a Jega. Ban taɓa zama a aji ba sai bayan na fita takaba, na shiga makarantar manya ta bayan azahar, ni da mata masu goyo.

Karatun nan ne ya kai ni ga fina-finan ban tsoro, ba aljanu ba kamar yadda Kawu Bature yake gaya wa mutane. Malamarmu ce ta ce mu riƙa kallon fim mai rubutu a ƙasa don ido ya saba da Turanci. Na gwada na soyayya, na gwada na faɗa, duk surutu ya yi musu yawa, kafin in haɗa baƙi biyu rubutun ya wuce. Na ban tsoro kuwa mutanen ciki ba su cika magana ba. Mace za ta tsaya bakin ƙofa ta ce "wane ne?", rubutun ya zauna yana jirana har in karance shi. Da haka na iya karatu, da haka kuma abin ya shiga raina.

Yanzu sana'ata ke nan. Ina da tsohuwar laftof ta hannu, matan unguwa suna kawo waya in tura musu fim. Amma ba na tura wa kowa sai na zauna na saurare ta. Mai ciki ba na ba ta mai sa zabura. Mai hawan jini ma haka. Wadda ta taɓa rasa ɗa ba na ba ta wanda aka taɓa yaro a ciki, ko ta roƙe ni. Irin waɗannan sai in ba su mai sanyi, wanda yake bin jiki a hankali kamar zazzaɓin damina. Muna da guruf a WhatsApp, sunansa Masu Kallo da Rana, don duk cika bakinmu ba mai kunnawa bayan magariba.

A guruf ɗin Haliru ya same ni. Manomin albasa ne a Aliero, auta a ɗakinsu. Saƙonsa na farko har yau ban goge ba.

"Salam malama. Don Allah akwai wanda ba jini, ba gawa, ba duhu?"

Na ce, "To ai wa'azi kake nema."

Ya turo hoton dariya, ya ce shi fa a rumfar ajiyar albasa yake kallo, da tsakar rana, ya kashe sauti, ma'aikata na kai da kawo a gabansa. Matsoraci ne na gaske kuma bai taɓa ɓoyewa ba. Ina jin abin da ya fara kama ni ke nan. Daga saƙo aka koma zance a zaure bayan la'asar, ya zo da farar shadda da hula zanna, ƙamshin turare a sama, na albasa a ƙasa. Har aka tsayar da Asabar ɗin da manyansa za su zo tambaya.

Tun da aka sa ranar Inna ta hana ni sakat.

"Ki naɗe kwamfutag ga ki tura ƙarƙashin gado. Za su aiko bincike, kin sani. Wa za shi kai ma ɗanai macen da ka kwana da dodanni cikin ɗaki?"

"Inna, Haliru ai ya sani."

"Haliru ka auren ki shi kaɗai? Dangi ka aure, ɗiyata. In an ɗaura, ki kalli ko Iblis ne."

Na ce to. Na rufe laftof da zane, kwana biyu ina ba mata haƙuri. Amma ran da Inna ta tafi suna garin Alelu, Murjanatu maƙwabciyarmu ta shigo da ƙawayenta biyu, suka ce ko mutuwa zan yi sai na kunna musu Mai Keken Ɗinki.

Mu muka sa masa wannan suna. Tsohon fim ne, hotonsa har ya dushe, da ya fito ma an ce ba wanda ya kula shi. Amma duk wadda ta gani sau ɗaya sai ta dawo, a guruf har gaisawa muke da maganganun ciki. Labarin wata tela ce da ta gaji keken ɗinki. Kullum ta wayi gari sai ta tarar an ɗinka riga da awon wani na gidan, wanda rigar ta yi wa daidai kuwa ba a sake ganinsa.

Mun shimfiɗa tabarma a inuwar dalbejiya, na ɗora laftof kan turmi, an yi tsit. Sai ga sallamar wata tsohuwa, gajera, da hijabi ruwan ƙasa da takalmin roba, tana riƙe da leda mai daddawa.

"Ɗiyag ga, ba ni ruwa in sha. Motar Maiyama nika jira, rana ta kashe ni."

Na tashi na ɗebo mata na randa a kwanon sha, na durƙusa na miƙa, na janyo mata kujera 'yar tsugunno. Ta sha, ta zuba wa laftof ido.

"Mi kuka kallo kun yi jugum kamar gidan makoki?"

Murjanatu ta ce, "Iya, na ban tsoro ne, kada ki kasa barci."

"Ni? Shekara da shekaru ni ka wanke matan da sunka rasu a unguwarmu. Matsa min in gani."

Ta zauna. Inda telar take sunkuyawa ta leƙa ƙarƙashin keke, wurin da kowa yake zabura, Murjanatu ta yi ihu ta kifar da kwanon gyaɗa. Tsohuwa ko gezau. Sai ma ta ce, "Wagga tela ba ta da wayo, ta sai da keken mana."

Tana kallo tana yi mini tambayoyi. Wa ya koya mini girki, ina sallata, me ya kashe mijina, ina samun ciniki. Ni kuwa kun san ni, sauraro ya fi mini sauƙi, sai na riƙa ba ta gajerun amsoshi ina barin ta tana zuba. Da aka kira la'asar na tsayar da fim muka yi salla, ita ma ta yi. Za ta tafi ta ciro babbar waya daga lalita.

"Jikana ya ba ni. Sa min shi in ƙarasa a gida."

Na yi mata tambayar da nake yi wa kowa. Hawan jini? Babu. Ciwon zuciya? Babu. Me take tsoro?

"Ƙadangare, shi ma sai in ya shiga riga."

Na tura mata. Na tambaye ta komai game da kanta, ban tambaye ta da wa za ta kalla ba.

Washegari Haliru bai turo gaisuwar safe ba. Na yi shara, na wanke kwanoni, na duba waya, shiru. Na tura "Ina kwana", alama biyu suka yi shuɗi, ba amsa. Sai wajen azahar saƙonni suka shigo a jere.

"Khairiyya, tsohuwar da ta sha ruwa gidanku jiya Gwaggo Tamu ce, yayar Baba."

"Ita aka aika bincike."

"Ta kai wa Hajiya fim ɗin don ta nuna mata abin da kike kallo."

Na zauna a bakin gado, don na san halin da mahaifiyarsa take ciki. Hajiya Zulai ta faɗo daga mashin a hanyar dawowa biki daga Maiyama, ƙafarta ta dama ta karye a ƙauri. Malam Sahabi mai ɗori ya ɗora ta, ya ce kada ta motsa ko da wuta ta kama gida. Kun san mutanen Aliero da ɗori, maganar mai ɗori ba a tsallake ta.

"Wurin da ake leƙa ƙarƙashin keke ta zabura. Ɗorin ya goce. An kwance an sake ja."

"Baba ya ce a dakata da maganar Asabar."

Na rubuta na goge, na rubuta na goge. A ƙarshe na ce, "Yaya jikin nata?"

"Da sauƙi. Ba ta yi wa kowa magana."

Da na gaya wa Inna ba ta yi faɗa ba, kuma shi ya fi ciwo. Ta ci gaba da tsince shinkafa a faifai, can ta ce, "Kin karya ƙahwar uwar miji tun ba ki shiga gidan ba. Wannan ko a tatsuniya ban ji ba." Kawu Bature kuwa saƙon murya ya turo mai tsawo, ban kai ƙarshensa ba.

Na kwana biyu ina juya abin, sannan na ce wa Inna ina so in je dubiya.

"Gidan saurayi? Da ƙahwarki? Ina kunyarki ta tahi?"

"Ba gidan saurayi za ni ba, Inna. Wurin matar da na jawo wa ciwo za ni. Ko an fasa auren, hakkinta yana kaina."

Sai ta miƙe ta buɗe akwati, ta ciro leshinta mai ruwan zuma da ba ta sawa sai da dalili.

"Aika a sawo ƙahwar sa. Ba a zuwa dubiyar karaya hannu sake."

Na yi farfesun tun da safe, ya dahu har ƙashi yana sakin nama, na zuba a kula. Na sa atamfa shuɗiya marar hayaniya da dogon hijabi ruwan toka, ban shafa komai ba sai kwalli. Muka shiga mota a tasha. Duk hanya buhunan albasa ne jibge a bakin titi, Inna tana jan carbi, ni ina riƙe da kula a cinya kamar jariri.

Gwaggo Tamu ce ta tare mu a tsakar gida, ba hijabi ruwan ƙasa yau, ba ledar daddawa.

"A'a, mai keke! Kin zo ƙarasa ɗayar ƙahwar?"

Inna ta sunkuyar da kai. Ni na durƙusa na gaishe ta.

"Tashi. Ni na ce musu ɗiya ce mai ladabi, ta ba ni ruwa a durƙushe, ta tsai da kallo ta yi salla. Ba wanda ya ji wannan. Ihun Zulai kaɗai sunka ji."

Ɗakin Hajiya yana warin man zafi da turaren wuta. Tana kwance kan katifa a ƙasa, ƙafar ɗaure da karare da farin ƙyalle, an tokare ta da matashi ta kowane gefe. Doguwar mace ce, fara, da zanen lalle da ya fara gogewa a hannu. Ta amsa gaisuwar Inna da mutunci. Tawa kuwa bango ta amsa wa.

Da aka kira azahar Gwaggo ta ja Inna ɗakinta. Ni ina fashin salla, sai na zauna. Na ɗauki mafici ina yi wa Hajiya fifita. Kuda ya sauka kan ƙyallen na kore shi. Kaza ta leƙo ta koma. Ban san iya lokacin da muka ɗauka a haka ba, ni dai zama shiru bai taɓa gundurata ba.

"Kin san yadda aka sake ɗori?" ta ce, ba ta juyo ba.

"A'a, Hajiya."

"Mutum biyu ka danne ki, ɗaya ya ja. Na haihu bakwai, ban yi kukan da na yi ranan ba."

"Ki gafarce ni, Hajiya. Ba na ba mai ciwo irin wannan fim, da na sani..."

"Ba ke kinka kawo shi ba, Tamu ta."

Daga nan ta ɓalle da magana. Ta ce ita da ba ta iya zama, ita ke raba wa ma'aikata abinci lokacin cirar albasa, ita ke sanin wace rumfa ta fara ruɓa tun daga wari, yau ga ta sai an juya ta. Kowa ya shigo "ya jiki, Allah shi ƙara sauƙi" ya fice, kamar karaya tana yaɗuwa. Ta san duk tsagar da ke jikin silin ɗin nan. Rediyo wa'azi da sanarwar rasuwa. Na bar ta ta yi ta faɗa, ina fifita, inda ya kamata in ce "Allah sarki" in ce.

Sai ta juyo ta dube ni sosai, karo na farko.

"Ke kuwa ɗiyar Musulmi, mi ya kai ki ga wanga abu?"

Na gaya mata zancen makaranta da rubutun ƙasa. Na ƙara da abin da ban cika faɗa ba, cewa bayan rasuwar maigidana na daɗe ina jin tsoron da ban san na mene ne ba, a kasuwa, a kan sallaya, ko'ina. Na cikin waya shi ne kaɗai nake iya danna wa tsaya.

Ta gyara ɗankwali, ta saurari tsakar gida, sannan ta rage murya.

"Rigar ƙarshe. Awon wa anka ɗinka?"

Na ɗauka ban ji daidai ba.

"Telar nan. Na ga ta ɗauko ƙaramar riga da babba. Daga nan ban san inda nike ba. Malam Sahabi ya sa an goge shi daga wayar Tamu, ita kuma ta ce ba ta hwaɗa min, wai hakkina ne. Suna cewa tsoro ya hana ni barci. Ba tsoro ba ne, ɗiyata. So nike in sani."

Dariya ta taso mini na danne ta da hijabi.

"Sai in ba ki labarin, Hajiya, na haddace shi."

"Labari? Ni yarinya ce? Shina cikin wayarki?"

Yana ciki. Ƙarya ta zo mini har baki, na kasa.

"Kunna."

'Yan uwa, ku tsaya ku duba mini. In na ƙi, na ƙi matar da ta buɗe mini cikinta yanzun nan. In na kunna ƙafar nan ta sake gocewa, ba auren Haliru kaɗai ya tafi ba, mata na iya tashi da ɗingishi har ƙarshen ranta, kuma a wannan karon da hannuna.

"Hajiya, Malam ya hana."

"Malam ƙashi ya sani. Kuma maganar Asabar, baban Haliru ya dakatar ne don ya ga raina ya ɓaci. A bakina take."

Ban so ta haɗa biyun ba, na kuma gaya mata. Na ce ko ba Asabar, ba zan kunna ba sai da sharaɗi. Na san duk inda ake zabura a fim ɗin kamar yadda na san hanyar ɗakina. Zan rage sauti, kiɗan ne rabin tsoron. Kafin kowane wuri zan ce mata ga shi nan, in faɗi abin da zai fito. Ƙafar kuma zan riƙe ta da kaina.

"Kin ɓata daɗin."

"Daɗin ko ƙafar, Hajiya."

Ta yi tsaki, amma na ga gefen bakinta ya motsa. "Riƙe."

Na jingina wayar jikin kular farfesu daidai idonta. Na durƙusa wajen ƙafar, hannu ɗaya a gwiwa, ɗaya a idon sawu, ban taɓa kararen ba. Muka ɗauko daga ƙarƙashin keke.

"Yanzu hannu zai fito, Hajiya, fari, daga hagu."

Ya fito. Na ji tsokar cinyarta ta ɗaure a tafina, ta sake.

"A'uzu billahi. Shi ke nan? Wannan ɗan hannun ya karya ni?"

Muka wuce na biyu, inda labule yake motsi. Ta fara zagin telar kamar 'yar cikinta. "Fita gidan, shashasha! Keken ubanki ne?" Na uku ma muka wuce, har ta ce in bar gaya mata, na ce ban yarda ba. Zufa tana bin bayana cikin hijabi, gwiwoyina sun yi tsami, ban motsa ba.

Telar ta ɗauko babbar rigar ta nufi madubi. Sai muka ji gyaran murya a bakin ƙofa, da sallamar namiji mai kauri. Labule ya ɗaga. Dattijo ne da jakar fata a kafaɗa, ban taɓa ganinsa ba amma na san Malam Sahabi ne ya zo duba ɗori. Bayansa Haliru, ya yi tsaye da baki buɗe, idonsa daga kaina zuwa wayar, daga wayar zuwa ƙafar uwarsa.

"Hajiya!" in ji Malam. "Mi nika gani haka?"

Ko kallonsa ba ta yi ba. Ta ɗaga masa tafin hannu, idonta na kan madubin telar.

"Dakata nan, Malam, kada ka tsorata min surukata. Ita ka riƙe da ƙahwar."

Na ji kalmar, Haliru ma ya ji, don na ga ya dafa bango. Amma ban samu damar jin daɗinta ba. Wurin da ya fi kowane girgiza mutum a fim ɗin nan shi ne gaban madubi, telar ta riga ta zura hannu ɗaya a rigar, ban samu na ce ga shi nan ba, hannuwana biyu kuma duk suna kan ƙafar Hajiya, babu na tsayar da waya.